Sojan Roba da Mudun Mai Hatsi

Ranar Asabar bayan la'asar, duk wanda ya biyo ta lungunmu a bayan titin Bauchi, nan Jos, zai iya tarar da magidanta shida ko bakwai sun kewaye wani faffaɗan tebur a cikin gareji. Ɗaya na riƙe da tef irin na tela, yana auna tazarar da ke tsakanin ɗan sojan roba da wani kangon gini na kwali, sauran sun zuba masa ido kamar ana awon zinariya. Yawanci ni ne mai tef ɗin. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi ritaya daga aikin reluwe, ya taɓa leƙowa ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Samari, wannan darar masu kuɗi ce, ko kuwa yarinta ce ba ta ishe ku ba?" Muka ce, "Baba, duka biyun." Tun daga ranar yakan zo da kujerarsa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin haka yake. Kowane ɗan wasa yana da rundunarsa ta ƙananan sojoji da tankoki da dodanni, sojan ƙasa bai kai gaɓa biyu ta yatsa tsawo ba. Ba a sayo su a haɗe. Gunduwa-gunduwa suke zuwa a cikin kwali, kai za ka yanke, ka manna da gam, ka zauna da buroshi mai bakin allura ka yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Tafiyarsu da inci ake aunawa, faɗansu kuma dayis ke yanke shi, irin na lido mai fuska shida, sai dai a nan akan watsa talatin ko arba'in a lokaci guda. Ba a ɗora ko sisi, kafin wani ya ce caca muke yi. Kowace ƙungiyar soja tana da farashinta na maki. Ku biyu ku yarda a kan adadi, a gasa yawanci maki 2000, kowa ya cika kasonsa da abin da ya ga dama, a kara zagaye biyar, awa uku ta tafi. Cikin irin waɗannan wasanni, wanda ya fi shahara a duniya shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu kuma hedikwatarsa na Nottingham. Wasan ya fara fitowa a 1987, bugu na goma na dokokinsa ya fito a watan Yunin 2023. Kafin roba ta mamaye, da wani farin ƙarfe mai haɗin kuza ake zuba yawancin sojojin, shi ya sa nakan tsokani abokaina cewa mu 'yan Jos muna da gado a harkar nan. Tafkunan da Turawa suka bar mana daga Rayfield har Bukuru, ai neman kuza ne ya haƙa su.

To, ba tallar wasa ta sa na ɗauki alƙalami ba. Wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a garejinmu, kuma na lura ita ke cin masu wasan nan a duk inda suke: gyaran doka. Kusan duk bayan wata uku kamfanin kan saki sabon jadawalin maki, wani lokaci haɗe da gyaran wasu dokoki, da niyyar kada wata runduna ta fi ƙarfin sauran. Niyya ce mai kyau, kuma ban ga yadda za a zauna babu ita ba. Amma abin da idona ya gane mini shi ne, duk lokacin da aka daidaita sikeli tsakanin rundunoni, sai ya ƙara rinjaya tsakanin mutane. Mai kabad cike da sojoji ya ƙara gaba, mai runduna ɗaya tilo da ya yi shekara uku yana tarawa ya koma baya. Mu kuwa a nan kusan dukkanmu masu runduna ɗaya ne.

Mutum zai yi mamakin ƙanƙantar abin da ake taɓawa. A ce sojanka yana samun abokin gaba idan dayis ya nuna 3 ko sama. Fuska huɗu ke nan cikin shida. Sai a wayi gari a ce daga yau sai 4 ko sama. Lamba ɗaya aka gusa, amma cikin harbi 60 da ka saba samun 40, yanzu 30 za ka samu. Rubu'in ƙarfinka ya tafi ba a taɓa ko soja ɗaya ba. Ko a ce tankar da ke maki 150 ta koma 175. Kana da uku, an ci ka maki 75, dole ka bar wata 'yar ƙungiya a gida, kuma sau da yawa ita ce mai tsaya maka a wuraren da ake riƙewa a ci wasan. Tankar tana nan yadda ka fente ta, ko ƙwarzane babu. Darajarta ce aka rage cikin dare kana barci. Duk wanda ya riƙe tsofaffin takardun naira a farkon 2023, ya ga mai shayi yana girgiza masa kai alhali ga kuɗi a hannunsa, ya san yadda abin yake a zuciya.

Tarihin wasan cike yake da irin wannan. A farkon 2018 an ga runduna mai ɗauke da dodo mai fiffike iri ɗaya har guda bakwai ta lashe wata babbar gasa a Amurka. A watan Afrilun shekarar aka kawo dokar da ta ce, a gasa mai maki 2000, kada a maimaita abu ɗaya fiye da sau uku, ban da sojojin ƙasa na yau da kullum da motocin ɗaukarsu. Doka ce ta hankali, shi ya sa ta ɗore. Amma wanda ya sayi bakwai ya fente bakwai, huɗu sun zama kayan adon falo.

A Satumbar 2022 aka fito da sabuwar runduna mai suna Leagues of Votann. Tun littafin dokokinta bai kai hannun yawancin masu saye ba, waɗanda suka leƙa dokokin suka yi ta kururuwa cewa ta fi ƙarfin kowa, har wasu masu shirya gasa suka ce ba za ta taka musu fili ba. Kamfanin ya amsa kuskurensa, ya ƙara mata farashi, ya rage mata kaifi. Littafi na kan hanya, lambobin cikinsa sun riga sun mutu. Ba a yi shekara ba bugu na goma ya fito, rundunar nan da ake tsoro ta tsinci kanta cikin 'yan ƙasa-ƙasa. A sabon bugun, masu rundunar Aeldari ne suka hau kan kowa. An ba su dayis 12 da suke watsawa tun kafin a fara wasa, su ajiye a gefe, duk inda suke buƙatar 6 sai su ɗauko su dasa a maimakon su jefa su jira rabo. Ka haɗa wannan da wani ƙaton mutum-mutuminsu mai bindigar da ke narka duk abin da ta samu, sai nasararsu a gasa ta haura 60 cikin 100. Aka bi su da gyara bayan gyara, har aka mayar da dayis ɗin guda 6. Ga kuma littafin rundunar World Eaters da ya fito a Fabrairun 2023. Ya zuwa Yuni bugu na goma ya share dokokin dukkan littattafan rundunoni, aka raba sababbi kyauta a intanet. Wata huɗu littafin ya yi a duniya.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wancan canjin shi ne mai tsimi. A da, kowane makami da farashinsa: ka ba sojanka bindiga mai araha ka rage maki, ko ka ba shi mai tsada ka biya. Bugu na goma ya ce makami duk kyauta ne, farashin ƙungiya ɗaya ne ko me ta riƙe. An sauƙaƙa lissafi, gaskiya ne. Sai dai wanda ya manna wa sojojinsa makami mai araha don dabara, yanzu farashinsa ɗaya da wanda ya manna mafi kyau, kuma gam ba ya jin an canza doka. Masu wayo kan dasa ɗan maganaɗisu a kafaɗar soja don su riƙa sauya hannu, amma wannan dabarar sai wanda aka taɓa ƙonawa.

A nan ne wasu abokaina kan ce ai da gangan ne, ana ƙara wa sabon kaya ƙarfi don a saya, in an gama saye a zare masa laka. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Sababbin kaya da yawa sun fito ba su da kataɓus, ba wanda ya kalle su a gasa. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne aikin ya fi ƙarfin masu yinsa. Rundunoni sun haura 20, ƙungiyoyin soja ɗaruruwa, kowace tana iya haɗuwa da wata su haifi abin da ba wanda ya zata. Gasa ɗaya irin Las Vegas Open takan tara 'yan wasa ɗaruruwa, a 'yan kwanaki su buga wasannin da masu gwajin kamfani ba za su buga a watanni ba, kuma kowannensu ya zo ne yana laluben ɓarakar da zai bi. Masu kewar zamanin da kuma sun manta yadda yake. Masu rundunar Dark Eldar sun karɓi littafinsu a 1998, ba su ga sabo ba sai 2010. Idan rundunarka ta fito gurguwa a wancan zamani, haka za ka yi ta jan ta har ɗanka ya shiga sakandare. A 2015 kamfanin ya gwada fitar da wani wasansa mai suna Age of Sigmar babu maki sam, kowa ya zuba abin da yake da shi. Shekara guda aka yi ana kai ruwa rana, a 2016 aka dawo da maki. Mai cewa a bar doka yadda take, bai taɓa zama a gefen da ake yi wa dukan kawo wuƙa mako bayan mako ba.

Duk da haka ba zan wanke su tas ba. Hannun da ke rubuta doka shi ke karɓar kuɗin kwali. A Disambar 2024 kamfanin ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan, ba sadaka ake yi ba. Ko babu wanda ya zauna ya ƙulla komai, duk girgizar da aka yi wa tebur wani zai ji yana buƙatar sabon kwali, kuma gida ɗaya ke ƙera shi. An yi sabon bugu a 2014, aka sake a 2017, da 2020, da 2023. Mai sayar da hatsi ne ke riƙe da mudu. Ko mai tsoron Allah ne, mai saye ba zai fasa kallon gindin mudun ba.

Masu kallon ƙwallo za su fi saurin gane inda na dosa. A 2020, lokacin korona, aka ba kowace ƙungiya damar canza 'yan wasa biyar a maimakon uku. A takarda doka ɗaya ce ga kowa. Amma a gasar Firimiya ta Ingila ƙananan ƙungiyoyi suka yi ta ƙin amincewa ta ɗore, sai a kakar da ta fara a 2022 ta zauna daram. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Manchester City za ta waiwaya benci ta ɗauko biyar da kowannensu zai iya zama kyaftin a wata ƙungiyar, kai ka waiwaya ka tarar da yaran da ko gemu ba su fara ba. Dokar ba ta ambaci kuɗi ba, amma mai kuɗi ta yi wa aiki. Saurin gyaran doka a wasanmu haka yake yi. Wanda ya shekara 15 yana tara kaya, da rundunoni huɗu a kabad, in an dakushe wannan sai ya buɗe wancan, mako mai zuwa yana fili da abin da ke tashe. Benci ne da shi.

Mu dawo gida. Kwalin sojan ƙasa guda goma yakan kai fam 30 da wani abu a Ingila. A 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000, a shekarar da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wato kwali ɗaya, kafin a zo maganar kuɗin jirgi da kwastan, ya kusa cinye albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kuma runduna mai maki 2000 kwalaye take ci ba biyu ba, ba biyar ba. Ba kuma abin da za ka shiga kasuwar Terminus ka ce a miƙo maka ba ne. Sai ka jira ɗalibin da zai dawo hutu, ko ɗan'uwa mai zuwa daga Landan da ya yarda ya rage wa kansa kilo. A ce a Janairu ka ga wata ƙungiya na tashe, ka yi oda. Ta iso a Maris ko Afrilu. Ka yanke, ka manna, ka yi fenti da dare in an kawo wuta, soja ɗaya awa biyu idan kana so ya fito da kyau. Ranar da ka ɗora ta a tebur a Yuni an riga an yi gyara, wataƙila sau biyu. Na Nottingham ya ci moriyarta wata uku ya wuce gaba, kai ka iso daidai ana naɗe tabarma. Ko a can ana wannan kukan. Namu nisan ne ya ninka shi.

Akwai wani bencin da ba na kuɗi ba, na lokaci. Ƙwararren ɗan gasa kan buga wasa huɗu ko biyar a mako, wasu ma ta kwamfuta da dare, don haka kwana goma sun ishe shi ya gane inda sabuwar doka ta sa gaba. Ni in na samu biyu a wata na gode Allah, ga aiki, ga ɗaurin aure, ga kai yara Islamiyya. Wasa shida ke nan tsakanin gyara da gyara. Ina fara sanin rundunata, sai a ce wadda na sani ba ita ba ce.

Sai batun ma'aunin kansa. Kamfanin ya sha faɗin cewa burinsa kowace runduna ta riƙa cin tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100 na wasanninta, kuma daga sakamakon gasanni ake tattaro lissafin. Na yaba da cewa ma'aunin a fili yake. Amma su wa aka auna? Mutanen da ke iya biyan jirgi da otal, masu sauya runduna duk wata, a kan teburin da aka jera gine-ginensa da awon inci. Idan ƙwararru hamsin suka gano haɗin abu uku da ke lashe gasa, lissafin rundunar ya tashi, sai a ƙara wa abubuwan nan uku farashi. Wani can a gefe yana da ɗaya daga cikinsu, ya saya ne don siffarsa ta burge shi, bai ma san da haɗin ba, rabonsa da cin wasa tun damina. Shi ma hukuncin ya hau kansa. Matsakaicin lissafi kamar a ce maka zafin Najeriya a Janairu kaza ne. Gaskiya aka faɗa, amma in ka dogara da ita ka fito a Jos da asuba ba rigar sanyi, jikinka zai gaya maka.

Abin da ya buɗe mini ido dai ba daga Ingila ya zo ba, mu muka jawo wa kanmu. Teburinmu wani kafinta ne ya haɗa mana da katakon da muka sayo a kasuwar Katako, ƙafa shida da ƙafa huɗu, awon da aka daɗe ana amfani da shi. Da bugu na tara ya zo a 2020 da ƙaramin awo, inci 60 da 44, muka sa salatif muka zagaye, gefen da ya rage ya zama wurin ajiye kofin shayi, kowa ya ji daɗi. A lokacin gine-ginenmu ba su fi biyar ba, tebur fetal kamar filin Polo. Injiniya, mai rundunar tankoki, shi ne sarki. Yakan jera su a bakin layi, ya harbe rabin rundunarka kafin ka taka inci goma, yana kurɓar shayi. Mun ɗauka gwaninta ce. Shi ma haka ya ɗauka.

Sai yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zaunar da ƙanina a gida wata takwas. Ya tattaro kwalayen taliya da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji, ya gina mana gari guda: kangaye masu hawa biyu, katangu, har da tulin duwatsu da ya kwaikwayo daga na Riyom, wannan a kan wancan kamar za su faɗo. Don kyau ya yi, mu ma don kyau muka zuba su duka a tebur. Ba wanda ya taɓa harafi ɗaya a littafin doka. Asabar ɗin farko tankokin Injiniya ba su ga abin harbi ba sai da abokan gaba suka iso gabansu da gatari. Akwai wani malamin makaranta a cikinmu, mai rundunar Orks, korayen nan masu yawa kamar fara waɗanda babbar sana'arsu sara. Ya shekara yana shan kashi yana dariya. Sai ga shi ya ci wasa biyar a jere. Injiniya ya ajiye kofi ya ce, "Malam, wannan ba wasa ba ne, kwanton ɓauna ne." Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, da kake harbinmu a fili ba mu ce farauta ba ce." Baba ya yi dariya har da tari. Mako biyu Injiniya bai zo ba, sai da muka bi shi har gida da tsire.

Kwalin taliya ne fa. Ya yi abin da gyaran maki uku ba su yi ba. Daga ranar na daina ɗaukar daidaiton da ake aunawa a can a matsayin namu, domin na teburinsu ne, da gine-ginensu, da 'yan wasansu. Na kuma lura da wani abu da bai yi mini daɗi ba: rundunar ƙanina ita ma ta masu sara ce. Ya rantse bai yi da niyya ba, na kuma yarda da shi, daidai yadda na yarda da kamfanin.

Baba ne ya kawo maganar dara. Ya ce a zamanin aikinsu, daga Kafanchan har Gombe, gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Amma ƙananan dokoki kowane gari da nasa, kuma baƙo kan tambaya kafin ya tsuguna, "Yaya kuke yi a nan?" Ba wanda ke jiran takarda daga wani wuri. Na san kwatancen bai cika ba. A dara kayan kowa ƙarfinsu ɗaya, wannan tsakuwa wancan kara, babu abin daidaitawa, daɗin namu wasan kuwa bambancin ne. Tambayar baƙon ce na ɗauka. Turawan ma sun yi haka da wuya ta kai musu. Da kamfanin ya rufe wani tsohon wasansa, Warhammer Fantasy, a 2015, 'yan wasa a Turai suka haɗu suka rubuta nasu dokokin, The Ninth Age, suka ci gaba da sojojin da ke hannunsu. Da masu ƙera wani wasan irin wannan mai suna X-Wing suka sanar a 2024 cewa sun daina haɓaka shi, masu bugawa suka karɓi aikin fitar da maki da kansu.

Ga abin da muka tsayar, kuma shi nake ba duk wata 'yar ƙungiya irin tamu shawara, a Abuja take ko a Kaduna. Gyara ba ya hawa teburinmu ranar da ya fito. Sau biyu a shekara muke zama mu karɓa, bayan Babbar Sallah da bayan Kirsimeti, tunda cikinmu akwai masu wannan akwai masu wancan, kuma lokacin ne kowa ke gari. Sallah tana matsowa da kwana 11 duk shekara, wata rana za su haɗe mu sake lissafi, amma da sauran lokaci. Tsakanin zama da zama doka a daskare take, wanda ya yi oda a Janairu ya san abin da zai tarar in kayansa sun iso. Abin da aka cire daga gasa aka mayar jerin da suke kira Legends, a wurinmu yana nan da ransa, domin ba mai ƙarfin halin da zai ce wa wanda ya kwana uku yana fenti ya mayar kabad. Wanda ke son gwada abin da ba shi da shi ya ɗora murfin kwalba ya ce wannan kaza ne, mun yarda. Da murfin kwalba muka buga ƙwallo muna yara, har da gasar unguwa. Gine-gine kuwa, ɗaya ya jera, ɗayan ya zaɓi gefe, kamar watanda, mai kasa nama shi ke ɗauka a ƙarshe. Wanda kuma ya kawo ƙarar cewa rundunar wane ta fi ƙarfi, sai su yi musaya su buga. Wannan ta rage mana ƙorafi ƙwarai, domin sau da yawa mai ƙarar kan karɓi rundunar ya sake shan kashi da ita.

Malam bai yarda da daskarewar ba, kuma hujjarsa tana da nauyi. Ya ce in wata shida ya kama rundunarka tana ƙasa, ga gyaran da zai ɗaga ta ya fito kana gani a waya, amma an ce ka jira Sallah, to mun mayar da kai zamanin Dark Eldar da hannunmu. Ya ce kuma duk ranar da ɗayanmu ya samu zuwa gasa a waje, da dokar bara zai je. Ta biyun ba ta dame ni ba. Cikinmu ba wanda ya taɓa zuwa, kuma wanda ya samu kuɗin jirgi zai samu daren karanta shafi goma. Ta farkon ce ta tsaya mini a rai. Mun yi mata faci: wanda ya sha kashi sau huɗu a jere a hannun abokai daban-daban, ana ƙara masa maki 100 har sai ya ci. Injiniya na kiran wannan tallafin man fetur, kullum cewa yake a cire. Faci ne, ba sabuwar taya ba, kuma na san ranar da zai fara cutar da ni zan fi ganin aibinsa.

Zaman da ke tafe akwai aiki. Gyara biyu sun taru, a cikinsu an rage wa tankokin Injiniya farashi, ya riga ya buga takardar ya sa a leda yana yawo da ita a mota. Ƙanina kuma ya samo kwalin injin wanki, ya ce hasumiya mai hawa huɗu zai gina a tsakiyar tebur. Baba ya ce a ajiye masa kujera kusa da ƙofa, inda zai ga fuskar kowa.